Fashin baƙi: Man zaitun ɗin da ake cewa na Italiya ne, daga ina yake, kuma me Italiyawa ke yi da shi a tukunya?

Wai don Allah me ya sa za ka ga kwalabe biyu na man zaitun a kanti ɗaya, girmansu ɗaya, kowacce da tutar Italiya kore da fari da ja a jikinta, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau uku? Kuma maganar da ake ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa kusan duk man zaitun ɗin kasuwa jabu ne, gaskiya ce ko an yi mata gishiri? Ga kuma masu cewa ba a girki da shi, wai da ya ji wuta ya zama guba. Tun da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2023 da 2024 irin waɗannan maganganu suka ƙaru, ga shi kuma matanmu da yawa sun shiga koyon girkin ƙasashen waje a intanet, duk bidiyon taliyar Italiya da ka buɗe abu na farko da za ka gani shi ne ana tsiyaya wannan man a kasko. To mu da muka fi saninsa a shagon maganin Musulunci, cikin 'yar ƙaramar kwalba kusa da habbatus sauda da zuma, dole kai ya ɗaure.

Ba duk abin da aka rubuta wa man zaitun ne abu ɗaya ba

Abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe shi ne, man zaitun na ainihi ruwan 'ya'yan itace ne da aka matse, babu dafawa babu sinadari. A Italiya ana girbi daga wajen Oktoba zuwa Janairu, a shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiya a kaɗo 'ya'yan, sannan a yi maza a kai su gidan matsa da suke kira frantoio, masu son mai kyau ba sa yarda ya kwana biyu a buhu don da ya fara zafi a jibge ya fara lalacewa. A can za a wanke, a niƙe har da ƙwallon, a dinga juya ƙullin a hankali na ɗan lokaci har ɗigon mai ya fara haɗuwa, sai a zuba a injin da ke juyawa da gudu ya raba mai daban, ruwa daban, tuƙa daban. Idan aka rubuta maka an matse shi a sanyi, a dokar Tarayyar Turai ana nufin zafin ƙullin bai kai digiri 27 ba. Kuma 'ya'yan ba su da yawan mai kamar yadda ake zato, sai ka haɗa kilo 5 zuwa 7, wani lokaci ma fiye, kafin ka samu lita ɗaya, don haka tun daga nan ka san abu ne da ba zai taɓa yin arha ba.

Man da ya fito ta wannan hanya shi ake rarrabawa daraja-daraja. Na sama shi ne extra virgin, sharaɗinsa ma'aunin asid ɗinsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, sannan ƙwararrun masu ɗanɗano su zauna su shinshina su kurɓa ba su ji wani aibi ba. Na biye da shi virgin kawai, shi ana yarda ya kai kashi 2 kuma da ɗan aibi kaɗan. Wanda ya wuce nan sunansa lampante, ba a halatta sayar da shi don ci ba sai an kai shi masana'anta an tace da zafi da sinadarai an cire masa wari da launi, ya dawo mai marar ƙamshi marar ɗanɗano. Wannan tatacce shi ake ɗan zuba wa virgin kaɗan a sayar da sunan man zaitun zalla, wani lokaci a rubuta pure ko light a jiki, mutane kuma su ɗauka shi ne mafi tsafta alhali shi ne wanda aka riga aka cire wa yawancin abin da ake nema. A can ƙasa kuma akwai na tuƙa, wanda ake rubuta wa pomace, Italiyawa su ce sansa: tuƙar da ta rage bayan matsa ita ake jiƙawa da sinadari a zuƙo sauran man, a tace, a haɗa da ɗan virgin. Halal ne a doka, ana ci, ba guba ba ne, amma tsakaninsa da extra virgin akwai tafiya mai nisa. Hukumar da ke tsara waɗannan ma'aunai ta duniya tana Madrid, tun 1959 aka kafa ta.

Ka duba gwangwanaye da ƙananan kwalaben da ake sayarwa a wajenmu don shafawa da ruƙiyya, da dama idan ka karanta ƙananan rubutun za ka ga kalmar pomace ɗin nan.

Italiya ce ta fi suna, amma ba ita ta fi noma ba

Nan ne abin ke ba mutane mamaki. Ƙasar da ta fi kowa samar da man zaitun a duniya ita ce Sifaniya, a shekarar da aka samu damina mai kyau takan fitar da wajen tan miliyan 1.4, wato kusan rabin na duniya baki ɗaya, kuma mafi yawansa daga yankin Andalus ne musamman lardin Jaén. Italiya kuwa takan samar da tan dubu 200 zuwa dubu 300 da wani abu a shekara, wanda bai ma ishi mutanenta su kaɗai ba, balle kuma abin da take fitarwa Amurka da Jamus da Japan da sauransu. To ina take samun ragowar? Sayowa take yi, daga Sifaniya da Girka da Tunisiya da Fotugal, a kawo cikin manyan tankoki, kamfanonin Italiya su gauraya yadda suke so, su zuba a kwalba, su manna suna mai daɗin ji da hoton tsaunukan yankin Tuskani na Italiya.

Wannan ba laifi ba ne a doka, sana'a ce kuma sun gwanance a kanta. Abin da doka ta ce tun 2009 a Tarayyar Turai shi ne dole a rubuta asalin man idan virgin ne ko extra virgin, shi ya sa idan ka juya kwalbar za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa haɗin mayuka ne na ƙasashen Tarayyar Turai, ko na ciki da wajenta. Wanda aka zuba a kwalba a Italiya daban, wanda aka noma aka matse a Italiya daban, kuma a nan ne rabin bambancin farashin nan yake ɓoye. Har ma sunayen da muke ji muna cewa na Italiya ne, kamar Bertolli da Carapelli, mallakar wani kamfanin Sifaniya ne mai suna Deoleo, shi kuma Filippo Berio tun 2014 kamfanin da ke yin sa ya koma ƙarƙashin Bright Food na China.

Kuma fa abin ba yau aka fara ba. A cikin birnin Roma akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio, tsayinsa ya kai mita 35, ba dutse ba ne ba ƙasa ba ce, tsabar fasassun tuluna ne da aka kawo man zaitun a ciki zamanin daular Rumawa, an ƙiyasta sun haura miliyan 50, kuma da masu binciken kayan tarihi suka duba tambarin da ke jikinsu sai suka ga mafi yawa daga kudancin Sifaniya suka zo. Wato ko kusan shekara dubu biyu da suka wuce ma Roma da man Andalus take girki.

Ni a ganina wannan bai rage wa man Italiya na gaske komai ba. Suna da ire-iren zaitun sama da 500, kowanne da halinsa: Coratina na yankin Puglia mai ɗaci da yaji, Taggiasca na Liguria mai laushi da ɗan zaƙi, Frantoio da Moraiolo na Tuskani, Nocellara na tsibirin Sisili mai ƙamshin ɗanyen tumatir. Puglia, can kudu maso gabashin ƙasar, ita ke ba da wajen rabin man Italiya, Tuskani da ta fi kowa suna kuwa kasonta kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya sa farashi ya haukace

Dalilin farko fari ne. A 2022 zafi mai tsanani ya faɗa wa Andalus daidai lokacin da bishiyoyi ke fure, furen ya ƙone ya zube, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa, sai girbin Sifaniya na wannan kakar ya faɗo zuwa wajen tan dubu 660, ƙasa da rabin abin da aka saba. Shekarar da ta biyo ma ba ta farfaɗo sosai ba. Tunda ita ce ke riƙe da kasuwar duniya, farashin sari da yake yawo wajen yuro 3 zuwa 4 kowane kilo sai ga shi ya kusa yuro 9 a farkon 2024. Abin ya kai a wasu manyan kantuna na Sifaniya ana ɗaure jarkokin mai da sarƙa ko a manna musu ƙararrawa saboda ɓarayi, gwamnati kuma ta cire masa harajin kaya gaba ɗaya na wani lokaci daga Yulin 2024. Da ruwa ya dawo girbin 2024 zuwa 2025 ya yi kyau, farashin na Sifaniya ya sauko sosai, amma na Italiya zalla bai sauko haka ba, don ita matsalarta ta wuce ta ruwan sama.

A watan Oktoban 2013 aka tabbatar da ɓullar wata ƙwayar cuta mai suna Xylella fastidiosa a gonakin zaitun na Salento, kusa da garin Gallipoli a kudancin Puglia. Binciken masana ya nuna da alama ta shigo ne ta hanyar shukokin ado da aka kawo daga Amurka ta Tsakiya. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ruwan tsirrai ne ke ɗaukarta daga bishiya zuwa bishiya, ita kuma ta shiga ta toshe jijiyoyin da ruwa ke bi ya hau sama, sai ka ga reshe ɗaya ya bushe kamar an babbake shi, bayan wata wasu su biyo, cikin 'yan shekaru bishiyar da ta shekara ɗaruruwa tana ciyar da zuri'a ɗaya ta zama busasshen kututture fari fat. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Miliyoyin bishiyoyi sun tafi, akwai wuraren da za ka yi tafiyar kilomitoci a mota ba ka ga ganye ɗaya kore a kan zaitun ba.

A nan aka samu ɓangarori biyu, kuma kowanne da abin da ya riƙe. Tarayyar Turai da masana suka ce a sare duk bishiyar da ta kamu har da na kusa da ita cikin tazarar mita 100 don a tare cutar kada ta haura arewa. Manoma da masu fafutukar muhalli da yawa suka ce a'a, wasu suka hau bishiyoyi suka ƙi sauka, wasu suka ce ai ba ƙwayar ce ke kashewa ba, makirci ne na masu son ƙwace filaye ko kamfanonin iri. Abin ya kai a Disambar 2015 masu gabatar da ƙara na birnin Lecce suka dakatar da saran, suka buɗe bincike a kan su kansu masanan da ke yaƙi da cutar, sai a 2019 aka rufe fayil ɗin ba tare da an kama kowa da laifi ba, a shekarar kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Italiya ta gaza ɗaukar matakin da ya dace. Wallahi ina tausaya wa manomin da aka ce ya sare bishiyar da kakan kakansa ya shuka tana nan da ganyenta kore, ba abu ne mai sauƙi ba, amma shekarun da aka ɓata ana gardama su suka ba cutar damar yin nisa. Yanzu an koma dasa irin Leccino da wani da ake kira Favolosa waɗanda suke iya jure mata, sai dai zaitun ba gero ba ne, sai an jira shekaru kafin sabuwar gona ta fara biyan kuɗinta.

Batun jabu: akwai shi, amma iri biyu ne

Yawancin masu yaɗa cewa kashi 70 na man zaitun jabu ne, asalin maganar wani bincike ne da Jami'ar California ta Davis ta fitar a 2010, inda suka gwada kwalaben da aka shigo da su daga waje suka ce kashi 69 na samfuran ba su cika sharaɗin extra virgin ba. Amma ba cewa suka yi ba man zaitun ba ne. Man zaitun ne, sai dai ya tsufa ko ya sha haske da zafi ko tun asali darajarsa ba ta kai abin da aka rubuta ba, kuma kamfanoni da hukumar Madrid sun yi ta jayayya a kan yadda aka yi gwajin. Irin wannan shi ne algus ɗin da ya fi yawa: a sayar maka da mai daraja ta biyu a kuɗin ta ɗaya. A 2015 ma mai gabatar da ƙara na birnin Turin, Raffaele Guariniello, ya buɗe bincike a kan kamfanoni 7 bisa irin wannan zargi. Cuta ce ta aljihu, ba ta ciki ba.

Iri na biyu shi ne mugun. A ɗauko man sunfulawa ko na waken suya mai arha, a zuba masa launin kore na ganye da ɗan launin ruwan ɗorawa, a ɗura a kwalba mai kyau, ko a ɗauko lampante da bai halatta a ci ba a gauraya. Duk lokacin da farashi ya tashi masu wannan sana'a sukan ƙaru, a ƙarshen 2023 'yan sandan Sifaniya da na Italiya tare da hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, sun kama mutum 11 suka ƙwace sama da lita dubu 260 na irin wannan man. Kuma Turawa ba sa wasa da batun ne saboda sun taɓa ɗanɗana kuɗarsa: a 1981 a Sifaniya an yi ta tallar wani man masana'anta da aka sa wa sinadari a unguwannin talakawa da sunan man girki mai arha, mutane kusan dubu 20 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu.

Sai kuma gwaje-gwajen gida da ake koyarwa a bidiyo. Wai ka sa a firji, idan ya daskare na gaske ne. Wannan ba hujja ba ce, wani na gaske ba ya daskarewa sosai, wani haɗin kuma yana daskarewa. Launi ma haka, kore ba shi ne alamar kyau ba, shi ya sa ƙwararrun masu ɗanɗano suke amfani da ɗan kofin gilashi mai launin shuɗi mai duhu don kada ido ya yaudare su. Sukan rufe kofin su ɗumama shi a tafin hannu, su buɗe su shinshina, su kurɓi kaɗan su ja iska ta tsakanin haƙora. Abin da suke nema uku ne, ƙamshin ɗanyen abu kamar sabuwar ciyawa ko ɗanyen tumatir, ɗaci a harshe, da wani yaji da ke kama maƙogwaro har ya sa ka tari. Mutanenmu da yawa idan suka ji wannan maƙaƙin sai su ce man ya lalace, alhali shi ne shaidar sabo ne mai ƙarfi, wani sinadari ne a ciki mai suna oleocanthal ke jawo shi. Wanda ya lalace shi ne mai warin tsohon mai, mai maiƙo a baki ba ɗaci ba yaji.

Ba ko'ina a Italiya ake girki da shi tun asali ba

Hoton da talla ke nuna mana shi ne kowace tsohuwa a Italiya tun tale-tale da man zaitun take komai. Ba haka ba ne. Arewacin ƙasar, wajen Milan da Turin da Bologna, ƙasar shanu ce da sanyi, girkinsu na gargajiya da man shanu ne da kitsen alade, shinkafar nan tasu ta Milan mai za'afaran da man shanu ake fara ta da shi ake gama ta. Ko a kudu inda bishiyar take, talakawa da yawa a da kitsen alade suka fi samu, mai kyau na sayarwa ne ko na masu hali. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da arziki ya ƙaru kuma 'yan kudu suka yi ta ƙaura zuwa masana'antun arewa, sannan man zaitun ya zama na kowane gida. Wannan abin lura ne ga Musulmin da zai je can ko zai ci a gidan abincinsu: ka tambaya, idan ka ji strutto ko lardo kitsen alade ne, guanciale da pancetta da ake sawa a taliyar carbonara naman alade ne, har wasu burodi da kayan fulawa akan sa musu strutto.

Wanda ya ƙara ɗaga sunan man a duniya wani masani ne ɗan Amurka, Ancel Keys, da ya je Napoli a farkon shekarun 1950 ya lura ciwon zuciya bai yi yawa a cikin talakawan wurin ba kamar a ƙasarsu, su da abincinsu burodi ne da taliya da wake da ganye da kifi da man zaitun, nama sai jefi-jefi. Daga nan ya jagoranci babban bincike a ƙasashe 7, ya yi ta yayata tsarin cin abincin mutanen Bahar Rum, shi kansa ya koma ya zauna shekaru da yawa a wani ƙauyen bakin teku mai suna Pioppi a kudancin Italiya, ya rasu a 2004 yana da shekara 100. A 2010 UNESCO ta sa wannan tsarin abinci cikin kayan gadon al'adun duniya.

Yadda suke sarrafa shi a kicin

Hanya biyu ce babba. Ta farko a farkon girki, abin da suke kira soffritto: a yanka albasa da karas da seleri ƙanana ƙanana, a zuba a mai a kan wuta marar ƙarfi su yi laushi a hankali ba tare da sun soyu sun yi ja ba, a kan wannan ake gina miyar tumatir da miyar nama da ta wake. Ta biyu kuma, wadda a ganina ita ce sirrin, ita ce zuba shi ɗanye bayan an sauke. Kamar dai yadda uwar gida ke kawo tuwo da miyar kuka sannan ta ɗiga man shanu a sama, ba don a ƙoshi ba sai don ƙamshi ya tashi, haka Ba'italiye ke yi wa miyar wake, da gasasshen kifi, da tumatir da cuku, da ganyen da aka dafa. Shi ya sa gidaje da yawa ke ajiye kwalba biyu, mai sauƙin kuɗi ta girki, mai tsada ta sama. Lokacin sabon mai a Tuskani abin da ake yi ma ba girki ba ne, a gasa yankan burodi, a goga masa ɗanyar tafarnuwa, a kwarara mai kore shar da bai wuce kwanaki da matsewa ba, a barbaɗa gishiri, shi kenan.

Ga misali ɗaya da kowa zai iya gwadawa, taliya da tafarnuwa da mai da barkono, abincin dare na wanda ya dawo a gajiye. Ana dafa taliyar a ruwa mai yawa da gishiri sosai, kuma ba sa zuba mai a ruwan dahuwa kamar yadda muke yi, su juyawa kawai suke yi a farko don kada ta manne. A gefe a yanka tafarnuwa siri-siri a zuba a mai tun kaskon yana da sanyi, a kunna wuta ƙasa-ƙasa har ta fara canza launi kaɗan, kada a bari ta yi duhu don za ta yi ɗaci, a jefa busasshen barkono. A tsame taliyar tun da sauran ɗan taurinta a juye a kaskon, a ƙara ludayi guda na ruwan da aka dafa ta, a yi ta juyawa da sauri har ruwan da man su haɗe su zama wani abu mai ɗan kauri da ke manne wa kowane sili. Kayan haɗi huɗu ko biyar ne kacal, shi ya sa idan man ba mai kyau ba ne babu inda zai ɓuya.

Batun suya kuma, maganar guba ba ta da tushe. Extra virgin mai kyau yakan fara hayaƙi ne a wajen digiri 190 zuwa sama da 200, suya kuwa yawanci a 170 zuwa 180 ake yin ta, kuma mai ne da ke jure zafi fiye da mayuka da yawa na tsaba. Abin da ke faruwa kawai ƙamshin da ka biya kuɗi dominsa yana gudu a wuta mai ƙarfi, ka yi asara. Kuma ga abin da zai ba wasu mamaki, idan Italiyawa za su yi suya mai zurfi ta kifi ko kayan fulawa, da yawansu man gyaɗa suke saye, shi masu girkinsu suka fi ba da shawara saboda yana jure wuta kuma ba ya canza ɗanɗanon abinci.

Abinci ne ko magani?

A wajenmu darajar zaitun ta addini ce kafin komai, Allah ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, ya kira bishiyarsa mai albarka a Suratun Nur, hadisi kuma ya zo da cewa a ci man a kuma shafa shi. Ka lura ci aka fara ambata. A ɓangaren likitanci, binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne PREDIMED da aka yi a Sifaniya a kan mutum sama da dubu 7 masu haɗarin ciwon zuciya, aka wallafa a 2013, aka gyara aka sake wallafawa a 2018 bayan an gano kurakurai a tsarinsa, sakamakon dai ya nuna waɗanda suka bi abincin Bahar Rum da extra virgin sun samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30. Amma fa a cikin tsarin abinci ne gaba ɗaya, ganye da wake da kifi da rage nama da kayan zaƙi, kuma man ya maye gurbin wani kitse ne ba ƙari aka yi a kansa ba. Babban cokali ɗaya na man zaitun ƙarfin kuzarinsa wajen kalori 120 ne, daidai da na kowane mai, mai shan cokali uku da safe ya kuma ci soye-soyensa yadda ya saba ƙiba kawai zai ƙara. Kuma don Allah mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye maganin asibiti saboda wani ya ce masa zaitun ya isa.

Abin da ya rage ga mai saye

Man zaitun ba ya ƙara kyau da tsufa, maƙiyansa haske da zafi da iska, kuma duk ukun muna da su a wadace. Kwalbar da ta taso daga Turai ta yi makonni a kwantena, ta zauna a sito, ta zo ta yi watanni a kan kanta cikin zafin Maris da Afrilu rana na dukanta, ko da ta bar gida tana extra virgin ba lallai ta iso hannunka a haka ba. Don haka gara kwalba mai duhu ko gwangwani a kan farar kwalba, gara ƙarama da za ka shanye cikin wata biyu a kan babbar jarka, kuma a ajiye nesa da murhu a rufe da kyau. Ka juya baya ka karanta darajarsa da ƙasar da aka noma shi da kwanan wata, idan an rubuta shekarar girbi ya fi, yawanci wata 18 ake ba shi daga ɗurawa. Tambarin DOP mai ja da ruwan ɗorawa ko IGP mai shuɗi da ruwan ɗorawa yana nufin hukuma ta tabbatar da yankin da ya fito. Idan ka ga an rubuta extra virgin na Italiya amma kuɗinsa bai fi na man gyaɗa da komai ba, ajiye shi, lissafin kilo 5 zuwa 7 ɗin nan ba zai taɓa fitowa ba. Kuma kada sunan Italiya ya sa ka raina na Tunisiya ko Sifaniya ko Girka ko Turkiyya ko Maroko, sau da yawa shi ne dai man da ke cikin waccan kwalbar mai tuta, a kuɗi ƙasa da nata. Wanda ake ɗurawa a kwalabe marasa suna ba lambar hukuma ba kwanan wata kuwa, ko don shafawa ne a yi hattara, balle a ba yaro ya sha.